Kakana da Hoton Cocin Bakin Kogi

Ni dai ban taɓa ganin zaman makoki irin na kakana ba. Mace za ta shigo gidanmu idonta jawur, ta durƙusa ta ce, "Ya muka ji da haƙuri?" Mu ce da godiya. Ta yi addu'a, ta shafa, ta sunkuyar da kai kamar mai tunanin lahira. Can sai ta matso, ta rage murya: "Wai ni kam, wancan tsohon na ƙetare ya faɗa kuwa kafin marigayi ya cika?" In muka ce bai faɗa ba, sai ka ga ta toshe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa. Ba ka iya cewa kuka take ko dariya, kuma na tabbata ita ma ba ta sani ba.

Haka aka wuni. Matan Fulani daga rugagen bakin daji suka sauke ƙoran nono a ƙofar ɗakin kakata. Babbarsu ta ce tun tana amarya kakana yake ƙetarar da su kogi da kayan talla, bai taɓa bari ko ludayi ɗaya ya zube ba, sai dai surutunsa ya sa nonon ya yi tsami kafin a kai gaɓa. Matan ƙetare kuma, dangin mahaifiyarsa, Gwarawa masu zuwa coci, suka zo a jere da itace a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya, suka jibge a madafa, suka tsaya a bakin zaure suka rera wata waƙa tasu a hankali. Limaminmu yana zaune a tabarma da carbi har suka gama, sannan ya ce, "Madalla. Ai ɗanku ne." An zo daga Kakangi, an zo daga Saminaka, har da wani direba da ya ajiye motarsa a Birnin Gwari ya ari keke ya shigo. Kowa kuma da tambayar nan guda a bakinsa.

Dole in yi bayani, don wanda ba ɗan gefenmu ba zai ce mun rasa tarbiyya. Kakana mai fito ne a mashigin Mariga da ke gangaren ƙauyenmu, tun kafin a haifi babana. Ubansa Musulmi ne, uwarsa kuwa daga ƙauyen ƙetare aka auro ta, kuma yayanta yana da ɗa sa'an kakana, damina ɗaya aka haife su. Taubasai ke nan. Mu jikoki Kakan Ƙetare muke ce masa: gajere ne mai ƙatuwar murya, manomin doya, dattijo a cocinsu. Da ƙuruciya tare suka yi fito, kafin shi ya koma gona. Ba ya kiran kakana da suna, sai "bawana", wai shi ɗan namiji ne, kakana ɗan mace. Kakana kuma ba ya ce masa komai sai "Guntu".

Abin da ya haɗa su musu wani hoto ne. Hoto muke ce masa, ko da yake ba na'ura ta ɗauka ba, hannu ya zana. Allon katako ne mai nauyi, tsawonsa kamu uku, an yi zanen da fentin mota. Rabinsa na ƙasa duk kogi ne, ya cika ya yi ja, har kana ganin kumfa a inda ruwa ke dukan duwatsu. A gaɓar ƙetare ga ɗan ginin laka, tsohon cocinsu, ba a ma gama rufa shi ba, gefe ɗaya jinka, gefe ɗaya sarari, an ɗaure gora biyu a sama an yi gicciye. Kusa da shi madaci ne babba, an rataya masa ƙarfen ƙafar mota, wanda suke bugawa a madadin ƙararrawa. Mata uku na gangarowa da kaya a kafaɗa. A baya giginyu ne da tuddai, da daji kore shar har ƙarshen allon. A tsakiyar ruwan kuma ga jirgin fito maƙare da azara, da wani mutum a tsaye yana tura shi da gora. Mutumin bai fi babban yatsa girma ba, kuma ya juya baya, babu fuska ko kaɗan.

To, wannan ɗan mutumin ne fitinar. Kakana ya ce shi ne. Kakan Ƙetare ya ce shi ne. Duk ranar kasuwa sai ya ƙetaro, tun daga zaure za ka ji shi:

"Bawana! Ka goge mini hotona yau?"

"Hotonka? Guntu, dubi tsawon mutumin nan da kyau. Kai ko a kan turmi ka tsaya ba ka kai ƙugunsa ba."

"Mai zanen ne ya ƙara mini, don ya ga mutunci."

Haka za su yi ta yi har tuwo ya huce, mutane su taru suna raba gardama suna ƙara mata wuta. Wannan ne ma ya hana hoton zuwa inda ake nemansa. Tsohon cocin ruwa ya cinye shi a wata ambaliya, ko tubali bai rage ba. Mutanen ƙetare suka koma kan tudu suka yi sabo na siminti da kwano, kuma ba su da wani abu da zai nuna wa 'ya'yansu yadda na farkon yake sai wannan allon. Fastonsu ya zo roƙo ya fi a ƙirga. Kakana ya ba shi wurin zama, ya ba shi fura, ya ce, "Fasto, naku ne, ban musa ba. Ranar da Guntu ya tsaya gaban mutane ya ce ni ne a jirgin, ranar za ku ɗauka."

Kwana uku kafin ya rasu, da hantsi, ya sa aka kira ni. Ni ce babbar jikarsa, ina koyarwa a makarantar firamare a Birnin Gwari, shi ya sa yake ce mini Malama, amma da irin muryar da ke nuna tsokana ce. Ya ce, "Malama, duk gidan nan ke ce mai taurin kai, ke zan ba amana. In Guntu ya faɗa gaban jama'a, ki ba fasto hoton. In har aka yi sadakar arba'in ɗina bai faɗa ba, ki kai shi mashigi ki sake shi a ruwa." Na ce, "Haba Kaka, wane irin wasa ne wannan?" Ya ce, "Na yi miki kama da mai wasa? Rantse." Na dube shi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, amma idon nan na ƙyalli. Na rantse. Ban san na ɗauko wa kaina dutse ba sai da ya cika.

Wanda bai san wahalar da allon nan ya sha ba zai ce katako ne kawai. Asalinsa, bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama da 'yan shekaru, wata motar masu yankan katako ta shigo dajinmu ɗibar madaci. Ruwa ya sauko, kogi ya kawo, mota ta maƙale a gefenmu kusan mako biyu. Cikinsu akwai wani mutumin Kudu, kafinta ne kuma mai yi wa motoci ado da fenti, aka sauke shi a zauren uban kakana. Hausarsa ba ta wuce sannu da na gode ba. Zaman banza ya ishe shi, sai ya ɓalle allon bencin motar, ya kwashi ragowar fentinsa, ya je bakin ruwa ya zauna yana zana abin da ke gabansa. Ranar kuwa ake ƙetarar da azarar rufin coci. Da ruwa ya janye za su tafi, ya ga ai hoton coci ne, sai ya miƙa wa malamin cocin. Kakana ya ce da ya ji haka ya kwana biyu bai ci tuwo da daɗi ba.

Malamin cocin da aka yi masa canji zuwa Dogon Dawa ya tafi da shi. Can ya tsufa ya koma garinsu, ya bar kayansa wurin matar da ke dafa masa abinci. Ita kuma baiwar Allah ta ga allo mai ƙwari, ta mai da shi murfin akurki. Shi ya sa kusurwar ƙasa ta dama duk tsattsagar kaji ce, sun cinye duwatsu biyu da ƙafar mace ɗaya. Daga nan ɗanta ya ɗauke shi da ya buɗe teburin shayi a tashar Birnin Gwari, ya kafa masa ƙafafu huɗu. Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, kakana ya je gari sayen gishiri da igiya, ya zauna shan shayi. Ya ɗaga kofi zai kai baki, sai ya ga kansa a ƙarƙashin kofin. Ya ce ihun da ya yi sai da wani ɗan kamasho ya zubar da nasa shayin a cinya.

Mai shayi ya ce shi fa teburinsa ne, in an ɗauke a kan me zai yanka burodi? Kakana ya biya kuɗin shayinsa. Ya dawo gida, ya ɓalle ƙyauren ɗakinsa, ƙyaure mai kyau na madaci, ya ɗora a kan jaki ya koma ya yi musaya. Wata guda cur suna kwana da asabari kawai a ƙofa, awaki na leƙowa. Kakata har ta tsufa in ta tuna sai ta ce, "Mutum ya ba da ƙofar ɗakinsa don ya sami bayan kansa!" Tabon gindin kofi uku kuwa suna nan a sararin saman hoton, zagaye-zagaye, ba su goguwa. In yara suka tambaye shi me ya sa rana uku, sai ya ce zamanin Turawa haka ake yi, shi ya sa duk muka yi baƙi.

Bakinsa ke nan, ba ya rasa amsa. Kafin mutanen ƙetare su yi cocinsu na tudu, akwai gidaje huɗu na Kirista a gefenmu, kuma duk Lahadi shi ke ƙetarar da su, ya jira su a inuwar madaci har su fito. Wani malami baƙo ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya ce, ya kai Musulmi za ka riƙa kai mutane coci? Kakana ya ce, "Allah gafarta malam, ni kogi nake ƙetarar da su, ba siraɗi ba. In an zo can, ni ma neman mai fito zan yi." Liman na wancan lokacin ya yi ta tari har aka kawo masa ruwa.

Sau ɗaya na ga ransa ya ɓaci a kan hoton da gaske, kuma da babana ne. Babana mutum ne mai tsanani, ya yi karatu a Zariya, ya dawo ya ga allo mai gicciye rataye a zauren ubansa. Ya ce wannan bai dace da gidan Musulmi ba, a fitar. Kakana ya dube shi ya ce, "Cikin matan nan uku masu kaya a kafaɗa, ta tsakiyar uwata ce. Ita ba ta shiga coci ba, ba ta bar salla ba, amma ta ɗauki ciyawar jinka ta kai wa yayanta. Ka ce in fitar da ita?" Babana ya sunkuyar da kai. Kwana biyu ba su yi magana ba. A na uku kakana da kansa ya cire allon daga zaure ya kai ɗakinsa, ya rataya a bangon yamma inda ba zai zo gabansa ba in ya fuskanci alƙibla, ya kuma samo wani tsohon zane yana lulluɓe shi lokacin salla. Babana bai sake tayar da maganar ba, amma bai taɓa son allon ba. Shi ya sa da na faɗa masa wasiyyar, cewa kawai ya yi, "Wasiyya wasiyya ce."

Kakan Ƙetare ya zo jana'iza. Ya tsaya can gefe da hularsa a hannu har aka gama salla, ya bi mu maƙabarta, ya zuba ƙasa, ya juya ya tafi bai shiga gida ba. Ranar sadakar uku ya zo, na tare shi a soro na faɗa masa abin da aka ɗora mini. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawan nawa har a kabari yana ba ubangidansa umarni?" Ya karɓi gumbarsa ya wuce. Ranar bakwai ma ya zo, fasto na biye da shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Gwaranci. Ya zauna, ya yi gaisuwa, aka zuba masa ido. Ya buɗe baki, kowa ya kasa kunne, sai ya ce, "Bana doya za ta yi kyau." Wallahi da ba tsoho ba ne da na jefe shi da takalmi.

Na koma makaranta, amma hankalina na gida. Ina rubutu a allo sai in tsaya ina kallonsa, in ga wancan allon yana juyawa a ruwa, yara su ce, "Malama, kin tsaya." Tsoro nake ji, gaskiya. Ba na son in zama wadda ta jefar da uwar kakana da cocin mutane a kogi, kuma ba na son in zama wadda ta ci amanar mamaci. Da aka yi kwana talatin na kasa haƙuri. Ran Asabar na sa ƙanin babana, wanda ya gaji fiton, ya ƙetarar da ni.

Na same shi da la'asar a gindin rumbunsa yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Kaka, ba gaisuwa na zo ba."

"Na gani. Tun daga bakin kogi ƙafarki ke faɗa."

"Kalma biyu ce fa! Shi ne. Ko jaririn da ke koyon magana zai iya. Mutum ya mutu, an rufe shi, kai kana nan kana jayayya da ƙasa? Saura kwana goma. Cocinku ne, ba nawa ba. In allon nan ya bi ruwa, kai ka jefa shi, ni hannu kawai na ara maka!"

Ya bar ni na zazzage duka. Sannan ya ajiye ƙotar ya ce, "Zauna, Malama. Ke a zatonki ban san shi ba ne? Ina tsaye a gaɓa ranar. Ni na riƙa karɓar azarar daga hannunsa."

Na ce, "To shekara da shekarun nan fa?"

"In kin koma gida ki dubi gorar. Duk mai fito a kogin nan a dama yake kafa gora. Ki ga ta wane gefe take a hoton."

Sai ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe kakana bahago aka haife shi. Ubansa ya ɗauki abin a matsayin abin kunya, ya riƙa ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da igiya lokacin cin abinci da lokacin karatu, har ya koyi yin komai da dama. Sannan uban ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ya raba ɗansa da wannan hali. Tun daga ranar kakana bai yarda wani ya ga ya yi abu da hagu ba, don kada a ce ubansa ya faɗi abin da ba haka ba. Amma ƙarfinsa na gaskiya a hagun yake. In kogi ya haukace, jirgi ya yi nauyi, sai hannun ya dawo da kansa. Ranar azara haka ta faru, baƙon nan kuma bai san komai ba, abin da ya gani ya zana.

"Muna yara ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa ba muddin muna numfashi," in ji Kakan Ƙetare. "Shi ya fara saɓawa, ya daina numfashin. To kin ga daɗin abin? Shaidarsa na rataye a ɗakinsa, a gaban idonsa, ba shi da bakin nunawa. In na ce ni ne, sai in ga ya dubi gorar, ya dube ni, ya haɗiye. Kai! Ba abin da ya kai wannan daɗi a duniya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, ban so ba. Na ce, "To yanzu ai ya wuce. Me ya rage?"

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki ƙotar ya juya ta a hannu, ya ce, "Kullum na tashi da safe, ina wanke fuska ina shirya abin da zan ce masa ran kasuwa. Har yau ina yi. Jiya ma na samo wata mai zafi. In na tsaya gaban mutane na ce shi ne, gobe da safe me zan shirya?"

Na zo da faɗa cike da ciki, sai ga ni ina share hawaye da bakin zane. Da zan tafi na ce, "Kaka, na rantse masa. Ranar arba'in, ina kuka zan yi, amma zan sake shi." Ya ce, "Na sani. Ai jininsa ce ke."

Ina isa gida na shiga ɗakin kakana na yaye zanen. Ga gora nan a hagu, ƙiri-ƙiri, hannun hagu a sama yana danna ta. Tun ina rarrafe nake kallon allon nan ban taɓa lura ba. Na mayar da zanen na rufe, na yi alkawari a raina ba mai jin wannan daga bakina. Har wani girma na riƙa ji, wai duk gidan ni kaɗai na san asirin tsoho.

Ranar arba'in aka yi addu'a da safe, aka raba waina da gumba. Mutanen ƙetare sun zo da yawa, fasto na cikinsu, amma babu Kakan Ƙetare. Azahar ta yi, babu shi. Jama'a suka ƙi watsewa, kowa na neman dalilin zama. Da aka yi sallar la'asar na shiga na sauko da allon, na naɗe shi a zanen, na ɗora a ka. Fasto ya miƙe, ya cire hula, ya ce, "'Yata, ba za a ƙara ko kwana ɗaya ba?" Na ce, "Fasto, ka yi haƙuri, ba ni na sa ranar ba." Babana ya kau da kai. Na kai bakin zaure ke nan sai na ji murya kamar an buga ganga:

"Ke! Ina za ki da hotona?"

Ga shi nan da kayansa na zuwa coci, wando da riga fari ƙal, ƙafa duk laka. Ya ce in koma ciki in jingina allon a ƙofar ɗakin kakata, don ita ma ta ji, tunda tana takaba ba ta fitowa. Aka kira liman da dattawa, mata suka tsaya ta gefen madafa, tsakar gida ta cika maƙil. Ya yaye zanen da kansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan ɗan mutumin.

"Jama'a, ku shaida. Na ƙetare ku shaida, na nan ku shaida. Wannan da ke cikin jirgi bawana ne. Shi ne. Ranar da kogi ya hana kowa shiga, shi ya ɗauko azarar cocinmu, sawu bakwai, shi da ba a ciki zai yi salla ba. Ni ina gaɓa, tsoro ya hana ni shiga. Ban taɓa shiga jirgin nan ranar ba."

Muryar ta karye a ƙarshe. Liman ya ce, "Allah ya jiƙansa." Fasto ya ce amin, mu duka muka ce amin. Na ji kamar an sauke mini buhun dawa daga ka. Amma da na dubi tsohon, sai farin cikin ya koma ciki. Yana tsaye hannuwa a sake, ya ƙara gajarta, kamar wanda aka sallama daga aiki bai san inda zai nufa ba. Ba wanda ya motsa. Can ya yi gyaran murya, ya ce, ba da ƙarfi ba:

"Amma dai jirgin na ubana ne."

Shiru. Ya juya ya dubi gindin bangon da kakana ke zama ran kasuwa, ya jira. Wallahi jira ya yi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kai Kaka, ji tsoron Allah! Jirgin da kakana ya sassaƙa da hannunsa?"

Ya waiwayo a hankali. Idon nan ya kawo haske, gemu ya fara rawa. Ya ce, "Da wane hannun?"

Na ce shi ke nan, asirin da aka rufe shekara saba'in ya tonu a tsakar gida, kuma ni na jawo. Sai kawai muka ji wata irin dariya ta fashe daga bayan asabari. Kakata ce, matar da kwana arba'in ba a ji ɗaga muryarta ba. Na juya, liman ya rufe fuska da gefen rawani, jikinsa na girgiza. Dattawan ƙetare sun dafa juna. Babbar matan Fulani ta ce, "Yo wa bai sani ba? Mu da muke zama a bayansa cikin jirgi?" Har babana, babana mai tsanani, ya juya ya fuskanci bango.

Na ce, "Iya, ke ma kin sani?"

Ta ce daga ciki, tana haki, "Shekara hamsin yana faskare a bayan ɗaki da hagu, in ya ji tafiyata ya sauya hannu. Ni kuma sai in fara tari tun daga madafa, don ya sami lokacin sauyawa."

Kafin magariba aka sa allon a jirgi. Kakan Ƙetare ya ƙi ba fasto, ya zauna a tsakiya ya rungume shi a cinya. Sun kai rabin kogi ya ɗago murya yana cewa in shirya, maganar jirgi ba ta ƙare ba, yana nan zuwa ran kasuwa. Na ce ya zo da shaidu, ina jiransa.

Allah ya jiƙan kakana, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya kuma miƙa masa littafinsa ta hannun dama, don na san halinsa: ko a can, gaban taron nan, ba zai yarda ya miƙa ɗayan ba.